Tsufa da Jinya a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi: Daga Gandu Zuwa Yau

1.0 Gabatarwa

Kalmar jinya a Hausa tana da fuska biyu. Idan aka ce "Malam yana jinya", ana nufin shi ne ba shi da lafiya. Idan kuwa aka ce "Hajiya tana jinyar Malam", ana nufin ita ce ke ɗawainiya da shi. Haka ma "mai jinya", yana iya zama wanda ke kwance, yana kuma iya zama wanda ke zaune a gefen tabarmarsa. Wannan ya nuna tun asali Bahaushe ya fahimci cewa doguwar cuta mutum biyu take kwantarwa, wato mara lafiya da mai kula da shi.

A cikin wannan maƙala za a duba yadda ake riƙon tsofaffi a ƙasar noma ta Funtuwa da Malumfashi, da cututtukan da suka fi damun su, da kuma halin da masu jinyarsu suke ciki. Abin da ake son nunawa shi ne, a da nauyin tsoho yana rataye ne a wuyan gida gaba ɗaya ta hanyar tsarin gandu. Da gandu ya yi rauni, nauyin ya tattaru ya koma kan mutum ɗaya ko biyu, galibi mata, waɗanda ba a cika lissafa wahalarsu ba.

2.0 Ƙasar da Mutanenta

Shiyyar Funtuwa ita ce kudancin Jihar Katsina, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Kaduna a 1987. Tana da ƙananan hukumomi 11, wato Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗanja da Ɗandume da Faskari da Sabuwa da Ƙafur da Ƙanƙara da Musawa da Matazu. Malumfashi ita ce mazaunin Galadiman Katsina, Funtuwa kuwa ta Sarkin Maska. Ƙasa ce mai laka da isasshen ruwan sama, shi ya sa ta yi suna wajen noman auduga tun zamanin Turawa, har aka kafa injinan gurzar auduga a garuruwan biyu, jirgin ƙasa kuma ya biyo ta Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920 a kan hanyarsa daga Zariya zuwa Gusau da Ƙaura Namoda. A yau masara da dawa da waken soya da shinkafa su ne suka fi cika kasuwanni irin ta Ɗandume.

Abin lura a nan shi ne, mafi yawan tsofaffin wannan yanki manoma ne da matan manoma. Ba su yi aikin albashi ba, saboda haka ba su da fansho. Ajiyarsu ita ce gona da dabba da 'ya'ya, kuma daga cikin ukun nan 'ya'ya ne ajiyar da aka fi dogara da ita. Wannan ne ma'anar abin da ake cewa haihuwa mai rana.

3.0 Matsayin Tsoho a Tsarin Gandu

Gandu shi ne haɗuwar uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, a kan noma gona ɗaya da ci daga rumbu ɗaya. 'Ya'ya su yi aikin gandu daga safe zuwa wajen azahar, da yamma kowa ya wuce gayaunarsa. Shi kuma uba ya ciyar da gidan, ya biya wa 'ya'yansa haraji, ya yi musu auren fari, ya ɗauki hidimar suna. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta a 1972, ta nuna cewa gandu yarjejeniya ce wadda kowane ɓangare yake da abin da yake samu a cikinta, kuma sau da yawa ba ta daɗewa bayan rasuwar uba. Ga tsoho, amfanin gandu a fili yake. Ƙarfinsa yana raguwa, amma gonar tana hannunsa, mabuɗin rumbu yana hannunsa, saboda haka ana ciyar da shi daga abin da yake nasa, ba daga sadakar kowa ba.

Bayan gandu akwai wasu al'adu uku da suka tallafi tsufa.

3.1 Riƙon jika. Akan ɗauki yaro ko yarinya a ba kaka, domin aike da ɗebo ruwa da hura wuta da ɗebe kewa. Wasan da ke tsakanin kaka da jika, inda tsohuwa kan kira jikanta namiji mijinta, jikanyarta kuma kishiyarta, ya sa babu nauyin kunya a tsakaninsu. Jika yana iya shiga ɗakin kakarsa a kowane lokaci, ya faɗa mata abin da ɗanta na cikinta ba zai iya faɗa ba.

3.2 Sana'ar tsufa. Tsohuwa a ƙasar auduga ba ta rasa abin yi. Tana kaɗi da mazari ta sayar wa masaƙa zare, tana daddawa, tana kalar hatsi bayan girbi, ita ce ungozoma, ita ce mai kula da wankan jego. Tsoho kuwa yana tufkar igiya, yana saƙar zana, yana kiwon tumaki a bakin zaure, ana zuwa wurinsa sulhu da neman sanin iyakar gona. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

3.3 Ciyayya da zakka. Kwanon tuwo yakan fita daga gida zuwa gida, kuma tsohon da ba shi da kowa yana cikin waɗanda ake fara tunawa da su. Haka ma zakkar hatsi a lokacin kaka da zakkar kono a ƙaramar salla. Addini ya ƙarfafa wannan, domin ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i sun yi umurni da kyautata wa iyaye, musamman idan tsufa ya riske su a hannun ɗansu.

Ba a cewa zamanin gandu ba shi da aibu. Matar da ba ta haihu ba, ko wadda 'ya'yanta suka rasu, tun a wancan lokaci tsufanta yana da ɗaci. Amma dai ga mafi yawan mutane, hannuwan da ke ɗaukar jinkan suna da yawa.

4.0 Abubuwan da Suka Sauya

Na farko shi ne shigar kuɗi cikin noma. Daga 1975 zuwa 1980 an gudanar da Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Shirin ya kawo takin zamani da ingantaccen iri da hanyoyin karkara, ya kuma taimaka wajen yaɗuwar masara. Sai dai masara ba ta yi sai da taki, taki kuwa sai da kuɗi. Daga nan ƙarfin gona ya tashi daga yawan hannuwa ya koma ga yawan jari. Saurayi ya ga cewa kwana ɗaya na ƙwadago, ko 'yan watanni a Kaduna ko Abuja ko Legas, sun fi masa zaman jiran rabon gandu.

Na biyu, wasu igiyoyin da suka ɗaure ɗa ga ubansa sun tsinke. A 1979 gwamnatin Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a Jihar Kaduna ta wancan lokaci. Wannan sauƙi ne ga talaka, amma ya kuma cire ɗaya daga cikin abubuwan da uba ke ɗaukar wa ɗansa. Rabon gado kuma yana ta yanka gonaki ƙanana-ƙanana. Matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya, tumunin dukiya take samu, wato kashi 1 cikin 8, in suna da yawa su raba shi a tsakaninsu, saboda haka abincinta ya dogara ne ga halin 'ya'yanta.

Na uku, sana'o'in tsufa sun ja baya. Zaren masaƙa na zamani ya kashe kasuwar kaɗi, ɗanɗanon kanti ya rage wa daddawa ciniki, igiyar roba ta maye gurbin ta rama. Jikan da ake ba kaka kuwa, tun daga shirin ilimin firamare na kowa da kowa na 1976, safiyarsa ta makaranta ce, yammacinsa na Islamiyya. Wannan ci gaba ne, amma ya bar ɗakin tsohuwa shiru.

Na huɗu, kuma mafi muni, shi ne rashin tsaro. Hare-haren 'yan bindiga a Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara da wasu sassan Bakori da Malumfashi sun tayar da ƙauyuka. Duniya ta ji labarin sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, da harin masallacin Unguwar Mantau a ƙasar Malumfashi a watan Agusta na 2025. Abin da ba a cika ji ba shi ne halin wanda ba ya iya gudu. Idan gari ya watse, ko dai a bar tsoho a baya, ko a ɗauko shi a kai shi ɗakin haya a Funtuwa, inda bai san kowa ba, ba shi da gona, ba shi da zaure. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori, domin yaƙi da 'yan bindiga. A watannin da rufewar ta ɗauka, iyayen da ke jiran saƙon kuɗi ko kiran 'ya'yansu daga birni sun ga yadda zaren da ke riƙe da su yake da siranta.

5.0 Cututtukan Tsufa

A shekarun 1970 Malumfashi ta zama sananniya a wurin masana kiwon lafiya, saboda binciken da Jami'ar Ahmadu Bello ta yi a can tare da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful a Ingila. Binciken ya fi mai da hankali ga cututtuka irin su tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji. Cututtukan tsufa daban suke da waɗannan, domin galibinsu ba a warkewa daga gare su, sai dai a lallaɓa su shekara da shekaru.

5.1 Hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa mutum kan yi shekaru da shi bai sani ba. Likitoci suna ɗaukar awon da ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama da haka a matsayin hawan jini. Babban kuskuren da ake yi shi ne a sha magani wata ɗaya, a ji sauƙi, a daina. Ƙarshensa sau da yawa shi ne shanyewar ɓarin jiki, wadda a karkara akan danganta da iska ko jifa. Alamominta uku ne: baki ya karkace, hannu ko ƙafa su saki, magana ta sarƙe. Wanda aka ga haka gare shi, asibiti ya kamata a nufa da shi nan take, addu'a kuma a yi ta a kan hanya.

5.2 Makanta. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido ce ta jawo wajen kashi 43 cikin 100 na wannan makanta. Yanar ido kuwa ana cire ta da ɗan gajeren aiki a asibiti, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko Asibitin Ido na ECWA da ke Kano. Binciken ya kuma nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, masu aikin gargajiya ne suka tura yanar cikin ido da tsinke, kuma mafi yawan waɗannan idanu ba su dawo da gani ba. Tsoho makaho yana riƙe yaro guda a matsayin ɗan jagora, wato makantar mutum ɗaya tana iya hana wani karatu.

5.3 Ciwon gaɓoɓi. Wanda ya shekara hamsin yana duƙe da fartanya, ko tana daka da surfe, ba abin mamaki ba ne gwiwa da baya su gaza. Haɗarin da ke nan shi ne haɗin ƙwayoyin kashe ciwo da ake saye a shago ko a tallar kasuwa a sha kullum. Irin waɗannan ƙwayoyi suna iya jawo gyambon ciki, su lalata ƙoda, su ƙara hawan jini.

5.4 Gigin tsufa. Wannan ita ce cutar da aka fi jahilta. Tsohuwa ta manta ta ci abinci ta ce an hana ta, ta ɓoye kuɗinta ta ce an sace, ta fita da dare tana neman gidan ubanta da ya rushe tun da daɗewa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba mugun hali ba. Amma da yake ba a san haka ba, maganarta takan haɗa ɗa da matarsa faɗa, wani lokaci ma a jefe ta da zargin maita.

6.0 Mai Jinya

A fatar baki, nauyin iyaye na ɗa namiji ne, musamman babba. Shi ke kawo hatsi da kuɗin magani. Amma aikin hannu, wato wanka da wanki da kai wa bayan gida da dama kunu da kwana ido biyu, yana da nasa tsari, kuma kunya ce ke tsara shi. Matar ɗa ba ta ganin tsiraicin surukinta, saboda haka idan tsoho ne ke kwance, aikin na matarsa ne, wadda sau da yawa ita ma tsufan ya kama ta. Idan tsohuwa ce, sai aikin ya faɗa kan 'yarta, wadda za ta nemi izinin miji ta bar ɗakinta da 'ya'yanta, ko kan matar ɗanta, wadda ke da goyo da girki da nata ƙananan sana'o'i. Ɗan fari kuwa, wanda aka fi sa wa ido, shi ne wanda uwa ba ta ko faɗin sunansa saboda alkunya.

A ɗauki misalin gidan da uwar miji ta sami shanyewar ɓarin jiki a farkon damina. Maza suna gona, kuɗin da aka tanada na taki ne. Idan aka kai ta Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi, ko aka wuce da ita Shika, dole mace ɗaya ta tare a can, domin a asibitocinmu dangi ne ke ciyar da mara lafiya, su yi masa wanka, su sayo magani. Idan aka dawo gida, sai an riƙa juya ta duk bayan awa biyu, in ba haka ba kwanciya ta huda mata gyambo a ƙugu da diddige. Matar da ke wannan aiki ta daina ƙuli-ƙulinta, ta fita daga adashi, ta daina zuwa biki da suna, bayanta ya riƙe saboda ɗagawa. Masu zuwa dubiya su gaishe da mara lafiya, su ce wa mai jinya "sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada", su tafi. Ita kuwa ba ta da bakin cewa ta gaji, domin za a ce ba ta da tarbiyya. Daga irin wannan gajiya da ba a furtawa ne tsawa da hantara suke fitowa, har a kai ga kulle tsohuwa a ɗaki, ba don ƙiyayya ba.

7.0 Ina Hukuma Take?

A rubuce akwai tanadi. Sashe na 16 na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa kula da tsofaffi da fansho cikin manufofin ƙasa, sai dai yana cikin babin da ba a kai gwamnati ƙara a kansa. A 2018 aka sa hannu a kan dokar kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa, ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa a kan tsufa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a biya wa kuɗin magani daga wani asusu na musamman. A 2012 Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi, ta farko a ƙasar nan, Jihar Ekiti kuma a 2011 ta ɓullo da biyan naira 5,000 a wata ga tsofaffi marasa galihu masu shekara 65 zuwa sama.

Matsalar ita ce nisan da ke tsakanin takarda da tabarma. Dokar fansho ta 2004 da ta 2014 sun fi shafar ma'aikacin albashi. Manomin da ya shekara hamsin yana ciyar da masaƙun Kaduna da auduga, ba ya cikin lissafinsu. Kuma kusan duk waɗannan tanade-tanade suna magana ne a kan tsoho, ba su ambaci wadda ke juya shi a kan gado ba.

8.0 Abin da Za a Iya Yi

Gidan tsofaffi irin na Turai ba zai karɓu a nan ba, domin kai uba irin wannan wuri abin gori ne har ga jikoki. Abin da ya fi dacewa shi ne a ƙarfafa gidan da tsohon yake ciki.

Na farko, 'yan'uwa su raba jinya kamar yadda ake raba kwana da girki. A zauna a faɗi wanda zai kawo hatsi, da wanda zai sayi magani, da wadda za ta karɓi mai jinya kwana biyu a mako ta huta. Wanda ke birni ya sani kuɗin da yake aikowa ba su biya aikin wadda ke gida ba, ya ware mata nata.

Na biyu, kwamitocin zakka da ƙungiyoyin masallaci da na mata su lissafa gidajen da ke da tsoho a kwance a unguwarsu. Buhun masara ɗaya a lokacin kaka, ko katifa da leda da keken guragu da za a riƙa ara ana mayarwa, suna rage nauyi ƙwarai.

Na uku, ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa awon jini da suga a ranakun kasuwa da bayan sallar Juma'a, su kuma koya wa masu jinya yadda ake ɗaga mara lafiya da juya shi, da rage gishiri a miya, da yawaita ba shi ruwa a lokacin bazara. Malamai su bayyana wa tsofaffi sauƙin da shari'a ta yi wa wanda azumi ya fi ƙarfinsa.

Na huɗu ya shafe mu, ɗaliban Hausa. Ba za a yaƙi zargin maita ba sai an sami Hausar da za a bayyana gigin tsufa da ita a rediyo da wasan kwaikwayo, yadda mutumin ƙauye zai gane cewa ciwo ne. Haka kuma waɗannan tsofaffi su ne taskar tarihin auduga da gandu da tatsuniyoyi da sunayen tsirrai. Ɗalibin da ya je ya zauna da su yana ɗaukar bayani, ya sami ilimi, ya kuma ɗebe musu kewa.

9.0 Kammalawa

An ga cewa a ƙasar Funtuwa da Malumfashi gandu da riƙon jika da sana'ar tsufa da ciyayya su ne suka riƙe tsofaffi a da, kuma shigar kuɗi cikin noma da ƙaura da rashin tsaro sun raunana su. An ga kuma cewa cututtukan tsufa masu daɗewa ne, wasu ana iya tare su da awo, wasu kamar yanar ido ana iya kawar da su gaba ɗaya. Gandu ba zai dawo yadda yake ba. Abin da za a iya dawo da shi shi ne rabon nauyi, ta yadda mai jinya ba za ta zama majinyaciya ta biyu a gidan ba. Wanda duk Allah ya ja kwanansa zai kai wannan matsayi, kuma irin riƙon da yaran gida suka ga ana yi wa kakanninsu, shi za su yi wa iyayensu.